Kofi Na Goma Sha Biyu

Mun bar Mariquita tun zakara bai gama shawara ba,
mu goma sha ɗaya, fitilu a goshi,
zufar kwari manne a wuya tun da duhu.
Bara mu goma sha biyu ne.
Ba wanda ya furta. Sarƙoƙin kekuna kaɗai ke surutu.

Kwana tara ke nan muna cin hanya tun daga Tunja,
cinya ta gaji da ƙorafi, ta koma gunaguni.
Yau kuwa dutsen Letras ne a gabanmu,
hawan da ba ya ƙarewa sai ka daina tambayarsa.

Ovidio ne na ƙarshe kullum, ba don rashin ƙarfi ba.
Cewa yake garke ba ya tafiya sai da mai kora.
Famfo a baya, faci a aljihu,
alewar gwaiba naɗe cikin busasshen ganye.
Duk wanda tayarsa ta sace, sai ya ji fito daga baya,
fito mara daɗi,
kamar butar da ta gaji da tafasa.

Bana ba mai son wutsiya.
Efraín ya ja baya, ya ji ƙeyarsa wayam, ya ƙara wuta.
Nohemí ta gwada, ba ta kai mil guda ba.
Haka muka dinga miƙa wa juna gurbin
kamar garwashi a tafin hannu.

Yolima, ƙanwarsa, ke bisa kekensa.
Ta sauke sirdin yatsa huɗu,
amma zoben tsatsa na nan jikin ƙarfen,
daidai inda tsayinsa ya tsaya.

A Padua, Doña Herminia ta hango mu daga rumfa,
ta jera kofuna, ta tsiyaya ruwan mazarƙwaila mai zafi
da yankan cuku a gefe.
Goma sha biyu ta zuba.
Ba wai ba ta sani ba.
Da bargon kafaɗarta aka rufe shi bara
kafin motar asibiti ta iso.
Hannu ne ya riga zuciya.
Ta dubi kofin, ta goge tafinta a zane,
ta ce, ku bar shi, zai huce da kansa.

Kwanar tana gaba kaɗan, ba ta da wata alama ta mugunta:
ciyawa, bututun ruwa, saniya mai tuƙa.
A nan motar madara ta kwaso gangara ba birki.
Na tuna direban zaune a bakin kwalta
yana kuka da hularsa a baki,
madara na bin lambatu, fara fat.

Yanzu wani farin keke ne ɗaure a shingen ƙarfe,
ruwan sama ya fara cin fentinsa.
Yolima ta gyara masa kai, ya kalli sama.
Efraín ya ajiye gora.
Ni kuwa na zaro sabon tib daga riga,
bashin da na ci a hannunsa kwana biyu kafin ranar,
na rataye shi, na ce, ga kayanka, malam,
ka yi haƙuri da jinkiri.

Daga nan sai gajimare ya haɗiye mu.
Sanyi ya shiga haƙora, numfashi ya koma na aro,
gajerun itatuwa masu gashi a ganye
tsaye cikin raɓa kamar masu jiran gawa.
Gwiwata ta hagu ta fara roƙo.
Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni,
jajayen fitilunsu na nutsewa cikin fari.

Sai na waiga.
Ba kowa, sai hanya.

Ban ƙara wuta ba.
Can gaba na ji tsss, na ji Nohemí ta yi tsaki.
Na laluba aljihu: faci na nan, famfo na nan.
Na tattara leɓɓan da sanyi ya daskare,
na yi fito.
Bai yi daɗi ba ko kaɗan.